Tukunyar gida da aljihun ɗaliba: yadda aka bi lamarin ƙurajen fuskar wata budurwa a Damagaram

Ranar da aka aiko kirana ba zancen ƙuraje aka yi mini ba. Matar yayana ce ta turo yaro bayan magariba, ta ce in zo in yi wa 'yata faɗa, yau kwana tara ke nan rabonta da tuwon gidan. Na iske uwar a bakin murhu ranta a ɓace. Da yake yarinyar 'yar fari ce, ba ta faɗin sunanta, sai ta ce: “Gwaggonsu, ki shiga ki ji abin da yarinyar nan take nufi da ni. Wai girkina ne yake ɓata mata fuska.” Ni ma a wannan rubutu zan bi sahun uwar, ba zan ambaci sunan ba, kuma da yardar mai lamarin nake ba da labarin.

Shekarunta 19, tana shekara ta biyu a Jami'ar André Salifou da ke nan Zinder. Gidansu a Birni yake, mutum goma sha ɗaya ke ci daga tukunya ɗaya: mahaifinta, mahaifiyarta, kakarsu wadda ta haife mu, ƙannenta shida, da wani ɗan 'yan'uwa da ya zo karatu daga wajen Magarya. Da safe koko ko ɗumame, da rana shinkafa da wake ko dambu, da dare tuwon hatsi da miyar kuka ko ta kuɓewa. Fura ba ta yankewa. Uban ne ke cefane, uwar ke tsara abin da za a ɗora, ita kuwa yarinyar aikinta ta taya tuƙi da kwasa a ranakun da ba ta da darasin yamma. Kowace safiya uban yana ba ta jaka guda, wato sefa 1000. Kusan rabi na tafiya a kabo-kabo, sauran shi ne abincinta na yini a makaranta.

Ni malamar ilimin halittu ce a lise, ba likita ba, kuma tun daren farko na gaya mata haka. Abin da zan iya shi ne in taya ta duba lamarin da idon basira, in kuma raka ta wurin wanda ya san aikin.

Abin da na gani a fuskarta

Ƙurajen sun fara mata tun tana aji na ƙarshe a kwaleji, 'yan ƙanana a goshi, ba wanda ya kula. Shekarar da ta shiga jami'a suka yi yawa. Da na haska fitilar waya na ga iri biyu ne a haɗe. A haɓa da gefen muƙamuƙi akwai manya masu zafi, wasu da mugunya, ga baƙaƙen tabbai inda ta matse na baya. A kumatu kuwa wasu ƙanana ne birjik, duk girmansu ɗaya kamar an shuka su rana guda, fatar wurin ta yi haske fiye da ta wuyanta, tana sheƙi. A bakin goshi, daidai inda hijabi ke kamawa, wani layin ƙuraje ne daban.

Ta ce ta daina cin tuwo ne saboda wata mata da take bi a TikTok ta ce mai da gyaɗa da abinci mai nauyi su ne ke kawo ƙuraje. Ƙawayenta ma haka suke faɗa. Miyar gidansu da man gyaɗa ake yi, kwaɗo kuma da ƙuli-ƙuli, sai ta yanke hukunci a kansu baki ɗaya. Kafin nan ta gwada ruwan lemun tsami, ta gwada man goge baki, ta dirje fuskar da sabulun salo da soso sau huɗu a yini har tana yi mata raɗaɗi. Ta kuma fara sa takunkumin fuska zuwa makaranta, tana cewa ƙura ce, alhali hunturu bai ma shigo ba. Akwai ranar da aka sa rukuninsu gabatar da aiki a gaban aji, ta ƙi zuwa, ta ce zazzaɓi take yi. Wannan ne ya fi taɓa ni. Yarinyar da a lise ita ke fara ɗaga hannu.

A gida kowa da maganarsa. Kakarta cewa take yi: “Ku ƙyale ta, jini ne ke tafasa, ranar da ta yi aure za su tafi.” Uban yana ganin kwalliya ce ba ciwo ba. Baƙi kuwa duk wadda ta shigo sai ta ce, “A'a, me ya samu fuskarki?” sannan ta rubuta mata nata maganin da baki. Ina roƙon masu wannan ɗabi'a su bari. Mai ƙuraje tana da madubi, ta riga ku gani.

Littafin mako guda

Ban yi mata faɗan da aka kira ni in yi ba. Na ba ta ƙaramin littafi na ce ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta da duk abin da ya taɓa fuskarta har kwana bakwai, kada ta gyara komai don ta burge ni. Da ta kawo, muka zauna a ɗakina muka karanta tare.

Da safe tana fita kafin a dama koko, don haka a wurin mai shayi take karyawa: rabin sandar burodi, da shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, a ƙara sukari. Wajen sha ɗaya, leda biyu na lemu-hari ko zoɓo mai sanyi. Da rana fanke ko biskit, wani lokaci lemun kwalba idan ƙawa ta saya. Da la'asar yawur na leda. Da dare, tunda ta bar tuwo, sai taliyar leda, ko garin rogo da sukari da madarar gari. In ta zauna karatu, kofi da ƙwayar sukari huɗu. A kwana bakwai ɗin nan ganye bai shiga cikinta ba ko sau ɗaya, wake sau ɗaya rak.

Muka ɗauko kwalin sukari muka riƙa ajiye ƙwaya a faranti gwargwadon abin da muka kintata ta sha. Ƙwaya ɗaya wajen giram 5 ce. Lemun gwangwani irin Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da giram 35, ƙwaya bakwai ke nan. Madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ne. A ƙiyasinmu, yawancin ranaku tana kaiwa ƙwaya 18 zuwa 20. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba, in ma da hali a tsaya a 25. Ta kalli farantin nan ta yi shiru, can ta ce: “Gwaggo, ai ni ban ɗauki waɗannan a abinci ba.”

Nan ne matsalar take. Ta gudu daga gara ta faɗa gidan zago. Abincin da ta ƙaurace wa shi ne mafi kyau a duk abin da take samu, wanda ta rungume kuwa da kuɗin hannunta take sayen sa kullum.

Me abinci ke yi, me ba ya yi

Sai da na yi mata bayanin yadda ƙurjin ke samuwa, domin in ba a fahimci wannan ba kowa zai iya sayar wa mutum da labari. A gindin kowane siririn gashi na fuska akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Idan balaga ta zo, sinadaran jiki da ake kira androjin, waɗanda maza da mata duka ke da su, suna sa jakar nan ta ƙara aiki. Matattun ƙwayoyin fata su haɗu da maiƙon su toshe ƙofar. A cikin wannan toshewa wata ƙwayar bakteriya da dama can take zaune a fatar kowa, Cutibacterium acnes, ta samu wurin hayayyafa, jiki ya taso mata, wurin ya kumbura. Shi ke nan ƙurji. Ba ƙazanta ba ce, baƙin kan da ake gani a wasu ma ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ya yi duhu. Gado na da hannu sosai: uban yarinyar nan har yau da ramukan samartaka a kumatunsa. Kuma mafi yawan matasa na duniya suna yin su, kaɗan ko da yawa.

Man da aka ci a miya ba ya bin jini ya ɓullo a fuska. Hanyar da masana suka fi zargi ita ce ta sukari. Abincin da ke narkewa da sauri, irin farin burodi, fanke, lemun kwalba, yana sa sukarin jini ya yi tsalle, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don saukar da sukarin, ya biyo shi, tare da wani sinadari mai suna IGF-1, su kuma su zuga jakar maiƙo da toshewar ƙofa. A 2007 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Melbon ta Ostireliya da samari 43 masu shekaru 15 zuwa 25. Aka raba su biyu, rabi suka yi mako 12 suna cin abinci mai jinkirin ɗaga sukari, kuma ƙurajensu sun fi na ɗaya rabin raguwa. Kafin nan, a wani rahoto da aka buga a 2002, wasu masu bincike sun duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na Fafuwa Niyu Gini da mutum 115 na ƙabilar Ace a Faragwai, masu cin abincin gargajiya da bai bi ta masana'anta ba, ba su samu mai ƙuraje ko ɗaya ba.

Batun madara kuwa, wani likita ɗan Najeriya, Clement Adebamowo, shi ya jagoranci binciken da aka buga a 2005 daga Jami'ar Harbad, kan mata ma'aikatan jinya fiye da 47,000 a Amurka. An ga waɗanda suka fi shan madara a ƙuruciya sun fi ba da labarin ƙuraje masu tsanani, musamman madarar da aka cire wa mai. Amma wannan tafiya tare ce aka gani, ba a tabbatar cewa madarar ce ta haifar ba. Hujjar da ake da ita a kan nonon da ya yi tsami ta fi wannan rauni.

Na faɗa mata gaskiya: waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma ko a cikinsu ƙuraje raguwa suka yi, ba ɓacewa ba. Wanda duk ya ce miki abinci kaɗai zai wanke fuska irin taki, bai gaya miki daidai ba. Gyaran ci yana taimakawa, kuma ko ba don fuska ba ya cancanci a yi shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne budurwa mai haila ta riƙa yanke wa kanta abinci barkatai a ƙasar da kusan rabin mata masu shekarun haihuwa ke fama da ƙarancin jini. Hatsi da wake da ganye su ne hanyarta ta samun sinadarin ƙarfe, tunda nama a gidan sai jefi-jefi.

Ga kuma abin da ya ba ta mamaki. A 2021 masana da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta jagoranta, wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, sun tattara binciken da aka yi kan dangin gero da dawa. A ma'aunin saurin ɗaga sukarin jini, inda tsantsar gulukos, wato irin sukarin da ke cikin jini, ke da 100, matsakaicin waɗannan hatsi ya tsaya wajen 53, farar shinkafa wajen 72, alkamar da aka tace wajen 74. Gaskiya ne yadda aka sarrafa yana canja lissafi: in an surfe an cire dusa tas, an niƙa ya yi laushi kamar hoda, tuwon zai fi saurin narkewa. Duk da haka malmalar tuwon hatsi da miyar kuka ta fi rabin sandar burodi da madarar gwangwani nesa ba kusa ba. Wake kuwa, wanda Nijar ke biye wa Najeriya a yawan nomansa a duniya, yana cikin abincin da suka fi jinkirin ɗaga sukari.

Kwalbar da ba ta da suna

A shafin ƙarshe na littafin, wajen abin da ke taɓa fuska, ta rubuta “man tabo” safe da dare. Na ce ta kawo in gani. Wata 'yar kwalba ce ba rubutu, haɗin wata mai sayar da kayan kwalliya, ta saya jaka biyu da rabi. Wata biyar tana shafawa. Ta ce makonni biyun farko kamar sihiri, kumburi ya kwanta, tabbai suka dusashe. Daga baya ƙananan nan suka feso, in ta bari kwana biyu fuskar ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, sai ta koma.

Jikina ya yi sanyi, domin na san alamar. Irin waɗannan haɗe-haɗe yawanci ana zuba musu man kotizon mai ƙarfi, wanda a jikin kwalinsa za a ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, wani lokaci da haidirokinon mai haskaka fata, wani lokaci har da makuri, wato zaiba mai guba. Kotizon magani ne na gaske ga wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci, a hannun likita. A fuska, wata da watanni, yana sirantar da fata, yana fito da jijiyoyi, kuma shi da kansa yana haifar da ƙuraje, waɗanda ake gane su da cewa duk girmansu ɗaya. Ita ba bilicin ta yi niyya ba, tabo take son gogewa. Mata da yawa ta wannan ƙofa suke shiga, ba su san sun shiga ba.

Layin goshi kuwa bai yi wuyar ganewa ba. Man kitso ne mai kauri da take lafta wa gaban kai, ta ɗora hula da hijabi, gumi ya narko da shi. Likitocin fata sun bayyana wannan nau'i tun 1970, suka sa masa sunan ƙurajen man gashi.

Zuwa asibiti

A nan aka kai ruwa rana da yayana. Ya ce kuɗin hatsi ma da ƙyar, ba zai kai kuɗi asibiti saboda kwalliya ba. Ban yi musu da shi a gaban yara ba. Na bari ya dawo daga sallar isha'i, na same shi a zaure, na ce: “Yaya, ka shafa kumatunka. Ramukan nan shekara talatin ke nan ba su cike ba. Kana so ta ɗauki irinsu? Kuma ka san ta fara gudun aji?” Bai san da wannan ba. Na kuma lissafa masa abin da ta riga ta kashe a kan man kwalba da sabulai, ya fi kuɗin ganin likita. Washegari ya ba da rabi, na cika.

Likitocin fata ba su da yawa a ƙasarmu, sai da muka jira kwanaki kafin a ba mu rana. Likitan ya duba, ya tambaye ta ko al'adarta na zuwa daidai, ko gashi na fito mata a haɓa ko ƙirji, domin in da haka ne da sai an binciki ƙwan mahaifa. Ya tambayi ko tana da aure ko ana shirin yi, saboda wasu magungunan ƙuraje ba sa haɗuwa da juna biyu. Kwalbar nan ya ce kotizon ne ba shakka, ya tsara mata yadda za ta janye a hankali, ya kuma gargaɗe ta cewa fuskar za ta yi bore kafin ta lafa. Bayan ta lafa ne ya ɗora ta a kan man shafawa mai suna adafalen da dare, gwargwadon ƙwayar wake ga dukan fuska, a fara da tsallake rana, da wani man mai suna benzoyil feroksid da safe, da ƙwayar doksisiklin mai yaƙar bakteriya ta wata uku, ba ƙari, don kada ƙwayoyin cuta su saba da ita. Ya ce kafin mako takwas zuwa goma sha biyu kada ta yanke hukunci.

Boren ya zo kamar yadda ya faɗa. Mako uku fuskar na ja tana saɓa, tana kuka, kakarta na cewa lokotoro ya ƙarasa ɓata yarinya. Sau biyu ta nemi kwalbar, ni kuwa na riga na zubar. Wannan shi ne lokaci mafi wuya a duk lamarin, kuma da ba a gaya mata tun farko ba, na tabbata da ta koma.

Sauran ƙananan abubuwa a hanya muka koye su. Benzoyil feroksid ya ci launin hijabinta mai ruwan bula da rigar matashin kai, sai ta ware farare. Doksisiklin ana shan ta da ruwa cike da kofi, ba a kwanciya nan take, kuma ba a haɗa ta da fura da nono ko ƙwayar ƙarin jini a lokaci ɗaya, a bar awa biyu tsakani. Tana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana, abin da ba wasa ba ne ga mai hawan kabo-kabo da tsakar rana a garin nan. Da hunturu ya kama, maganin ya busar mata da fata, aka nemo mai mara nauyi a farmasi maimakon basilin ɗin da dukan gidan ke dangwala. Wanki ya koma sau biyu a yini, da tafin hannu, ba soso. Ko ranar da famfo bai kawo ba, ana jiran mai garuwa, buta ɗaya ta ishe ta.

Sulhu da tukunya

Ba mu nemi a canja girkin mutum goma sha ɗaya saboda mutum ɗaya ba. Babu kuɗin, babu kuma adalci a ciki. Abu na farko shi ne ta je ta ba uwarta haƙuri, ta durƙusa ta ce: “Inna, ki yafe mini, ba girkinki ba ne.” A daren ta ci tuwo.

Daga nan sai dabara. Ita ta karɓi damun furar gidan, ta ce a bar sukari a gefe kowa ya zuba wa kansa. Nata ba ta sawa, kakarta mai hawan jini ma ta bi ta. Da dare tana ware ɗan tuwo ta ɗumama da asuba kafin ta fita, ko ta tafi da furarta a gora. Kuɗin da take kai wa mai shayi da masu leda, ranar da ta bi ta Kasuwar Dole sai ta sayo zogale ko rama ko shu da karoti, lokacin sanyi da kayan lambun Mirya ke araha, ta yi kwaɗo babban kwano. Da ƙuli-ƙuli take yin sa, shi wanda ta tsana a da. Ƙannen suka riƙa wawaso, uwar ta ga abin ya rage mata nauyi, sai ta fara sa shi cikin cefanen da take gaya wa maigida. Ranar shinkafa, da yake ita ke tsince wake, takan ƙara yawansa, ba wanda ya yi ƙorafi. A makaranta ta koma ga awara, dafaffen ƙwai, gyaɗa, ɗanwake, da ruwa. Kofin dare ya sauka daga ƙwaya huɗu zuwa ɗaya. Madarar gwangwani da ta gari ta bar su, nonon fura kuwa ban ga dalilin hana ta ba.

Ba ta zama waliyyiya ba. An yi bikin 'yar kawunta, aka cika gida da alkaki da nakiya, ta ci, kuma na ce ta ci. Ba a zama Damagaram a ce an haramta wa kai alkaki.

Wata na uku da abin da ya biyo

Cikin mako na goma manyan ƙurajen haɓa suka daina fitowa sai ɗaya ko biyu gab da al'ada. Na kumatu da na goshi suka tafi kusan duka. Ba zan iya raba wa abinci kasonsa, magani kasonsa, barin kwalba kasonsa ba, tunda a tare aka yi su. A ganina barin kwalba da maganin likita su suka ɗauki mafi nauyi, gyaran ci ya tallafa. Abin da ita ta fara lura da shi ma ba a fuska yake ba: ta daina gyangyaɗi a darasin ƙarfe uku.

Da azumi ya zo, ya haɗu da jarrabawa da farkon zafi, abin ya ɗan dawo. Buɗa-baki da kunu mai sukari da zoɓo da soye-soye, barci awa huɗu, gumi a ƙarƙashin hijabi. Ta firgita ta kira ni. Na gaya mata an taɓa bin ɗalibai 22 a Jami'ar Istanfod ta Amurka, a binciken da aka buga a 2003, aka ga ƙurajensu na tsananta lokacin jarrabawa gwargwadon damuwarsu. Wasu ma daga cikin na wuyanta ƙurajen zafi ne, ba su da alaƙa da na fuska. Ta riƙe dabino da ruwa da fura a buɗa-baki, ta ci gaba da shafa na dare, bayan salla ya lafa.

Tabbai ne suka rage. A baƙar fata duhun da kumburi ke bari yana ɗaukar watanni, wani ya haura shekara, rana kuma na ƙara masa ƙarfi. Man kariyar rana da likita ya rubuta yana da tsada, kwalba ɗaya ta saya ba ta sake ba, tana dai jawo hijabi ta inuwanta fuska. Adafalen ma akwai watan da aka neme shi a farmasi uku ba a samu ba, ta yi mako biyu babu. Akwai ramuka biyu a kumatun hagu, daga waɗanda ta matse da farce tun kafin in sani, likita ya ce waɗannan mai ba zai cike su ba. Ta cire takunkumi, kuma a zangon da ya wuce ita ta gabatar wa rukuninsu aiki.

Makon jiya uwar ta sake aiko yaro. Ƙanenta mai bi mata, ɗan shekara 16, goshinsa ya fara, kuma kullum yana fada, majalisar samari, har sha biyun dare ana zagaya shayi zubi uku. Na iske yayar ta riga ta ba shi sauran shafukan littafin nan, yana zaune a kan dakali yana tambayar ta ko shayin da ba shi ya saya ba ma sai ya rubuta.